Sulen Zinarin Gwaggo

Maigidana ba mai yawan sha'awa ba ne, amma idan abu ya shiga ransa sai ya ga ƙarshensa, mu ma sai mun ga namu. Ya yi kiwon zabi, ya yi na kifi a bayan gida har sauro ya kusa tashin mu daga unguwa, sannan ya zo ya faɗa harkar tsofaffin sulallan zinari. A sito yake aiki a jami'ar nan ta garinmu, Wudil, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Sabon Gari, inda muke zaune. Wani abokin aikinsa ne ya koya masa, Kirista ɗan Taraba, mutumin kirki mai sanyin magana, wanda tun yana yaro yake tara kan sarki da kuɗin ƙasashe. Shi don sha'awa yake tarawa. Nawa mijin kuwa da ya ji cewa akwai masu gwanjon irin waɗannan sulalla a ƙasashen waje, ana ɗora hoto a intanet mutane su yi ta tayawa, sai ya ce ai wannan sana'a ce Allah ya kawo masa har gida.

Kuma ba laifi, akwai kayan a ƙasar nan. Alhazan da, waɗanda suka je Makka tun ana shekara da shekaru a hanya, da zinari suke ɓoye guzirinsu, abin da ya rage kuma su dawo da shi tsaraba. Shi ya sa za ka tarar da sulen Makka ko na Ingila ko na Turkiyya a wuyan wata tsohuwa a ƙauyen da ko wutar lantarki bai sani ba. Matsalar ita ce mu ba ma ajiye zinari don kallo. Da ya shigo hannun mace sai a kai wa maƙeri ya huda shi, ko ya liƙa masa kunne a rataya a sarƙa, duk biki kuma a kai shi wanki ya yi ƙyalli. Masu gwanjo ba sa son ko ɗaya daga ciki. Su nasu sulen sai wanda ba a huda ba, ba a goge ba, yana nan da dattinsa na asali. Wanda aka taɓa, komai tsufansa, nauyinsa kawai za a biya, yadda kowane mai shagon gwal a Kano zai biya. Wannan karatu na haddace shi ba da son raina ba, don kullum sai an maimaita mini shi a kan tuwo.

Ya sayi gilashin ƙara girma, ya sayi ɗan sikeli mai batir, har da farar safar hannu. Mutumin da ban taɓa ganin ya ɗauraye kofin da ya sha shayi ba, shi ne yake sa safar hannu kafin ya taɓa kwabo. Wannan duk na jure. Abin da na kasa jurewa shi ne yadda idonsa ya koyi sauka a wuyan mata. Ranar wani suna a Ɗankaza ya zo ɗaukata, muna fitowa tare da wata Hajiya sa'ar mahaifiyata. Ya durƙusa ya gaishe ta, amma har aka gama ina wuni ina gajiya idonsa na kan ƙirjinta. Baiwar Allah ta ja mayafi ta rufe. Shi ko a jikinsa, sai ma ya ce, "Hajiya, don Allah ko za a ɗan ciro mini abin wuyan nan in duba?" Wata daga cikin matan da ke zaure ta fashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Labarin ya riga ni zuwa makaranta, malamai mata suna tambayata wai in za su zo gidana su cire sarƙa ne ko su bar ta.

A kan babur ban ce komai ba, don ba a faɗa mai daɗi a kan babur. Muna shiga gida na sauke masa. Na ce ya zubar mini da mutunci a gaban dangi, na ce in sana'ar ke nan gara kifin nan da sauronsa. Shi kuma sai ƙoƙari yake ya fahimtar da ni cewa sulen Hajiyar ma hudajje ne, bai kai a yi faɗa a kansa ba. Wannan amsa ta ƙara tunzura ni, ni kuwa idan raina ya ɓaci bakina ba shi da linzami. Na ce, "Duk tarkacen da kake bi kana kunyata mu, ko rabin na Gwaggo ba su kai ba, wanda ko allura ba ta taɓa shi ba."

Ina rufe baki na ga ya cire hula ya ajiye a hankali, ya zauna.

"Wace Gwaggon?" in ji shi.

Gwaggo ɗaya gare ni, yayar mahaifina, tana Achika. Ita ta yaye ni, kuma daga yaye ban koma ɗakin mahaifiyata ba sai da ziyara. Ta haihu amma ba wanda ya rayu, don haka ni ce 'yarta. Ita ta riƙe ni a makaranta da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, daga ɗakinta kuma aka kai ni gidan miji. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a sashenta cikin gidan danginsa, suna kula da ita daidai gwargwado. 'Yata ta fari sunanta na sa mata, shi ya sa Gwaggo ba ta kiran yarinyar da komai sai takwara. Kusan kowace Asabar nakan je, in kai mata ɗan sabulu da goro, in share ɗaki, in tsefe mata kai in kitse, mu yi ta gulmar mutanen gari. Ban taɓa shiga gidanta da wata buƙata a bakina ba, kuma ina alfahari da wannan.

Sulen kuwa na mahaifinta ne, kakana, wanda ya je Makka ta Sudan ya daɗe bai dawo ba. A hanyar dawowa ya sa baduku ya ɗinke masa shi cikin fata kamar laya, ya ɗaura a damtse, don ɓarawo ba ya sha'awar layar wani. Haka ya zauna cikin fatar nan har tsufan kaka. Sai da ya kwanta ciwon ajali ya kwance ya ba Gwaggo, saboda ita ta yi jinyarsa. Ina yarinya, idan ta fito da kayan adudunta su sha iska, takan zaro shi ta gefen da ɗinkin ya farke ta ɗora mini a tafin hannu. A fuskarsa akwai kan wani sarki mai gashin baki da hular dara, a bayansa rubutun Larabci. Ba ya wani ƙyalli, amma nauyinsa ya fi girmansa. Ban gama kallo ba sai ta ce, "To ya isa, kawo, kada ki saba." Ta mayar cikin fata, ta rufe adudu.

Da na kwatanta wa maigidana, sai ya buɗe waya ya yi ta nuna mini hotuna har na nuna wanda ya fi kama. Nan take ya kira abokinsa ɗan Taraba. Ina jin abokin yana cewa in dai da gaske ba a taɓa shi ba, to irinsa ba ya yawan fitowa gwanjo, sannan ya ƙara da cewa kayan tsofaffi a bi su a hankali. Rabin farko na maganar kawai maigidana ya ji.

Asabar ta gaba ina shiri sai na ga ya goge babur ya sa kaftanin Juma'a, wai zai kai ni. A da sai Sallah da Sallah yake zuwa Achika, ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaisar, ko ruwa ba ya sha, ya fita ya jira ni a waje yadda suruki mai kunya yake yi. Yanzu kuwa sai ya zama ɗan gida. Ya kai sukari, ya kai man shafawa na ciwon gwiwa, ya ga ƙyauren ɗakinta ya karkace ya zo da kafinta, damina ta matso ya sa aka gyara rufin da ke yoyo. Gwaggo ta fara shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida tun kafin mu iso, ta dama masa fura da hannunta. Shi da bai taɓa sa wa bakinsa komai a gidan surukai ba, sai ga shi yana shanyewa har da lashe ludayi. Mutanen gida suka shiga yabonsa. Wata ta ce mini, "Ke dai kin yi dace, irin wannan miji sai an tona." Kowane yabo sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi, don ni na san abin da ke kawo shi, na kuma san bakin wa ya jawo.

Kada in zalunce shi, bai taɓa nufin ya cuce ta ba. Yana da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Malama, tsaya ki ji," yakan ce. "Ranar da ta Allah ta kasance magada za su zo. Wa ya san darajar abin nan a cikinsu? Kano za su kai shi a ɗora a sikeli, a narke, a yi wa wata ɗan kunne. In kuwa aka kai shi gwanjo yanzu, ita za ta ci moriyarsa da ranta. Ko Umara take so sai ta je. Ni la'ada kawai zan ɗauka, ita ma in ta yarda."

"To ka tambaye ta mana, Malam."

"Haba, ni suruki? Da wane bakin? Ai ke ce 'yarta."

A wurinmu ba a tambayar tsoho abin da ya ɓoye. Kana iya cin tuwonsa, ka roƙe shi addu'a, har jakinsa ka ara, amma abin da ke ƙasan adudu, wanda ya ajiye bai ce komai a kansa ba, duk wanda ya buɗe baki ya tambaya to ya fara jiran mutuwar mai shi ke nan. Gadon mai rai ake ce masa. Na taɓa ganin Gwaggo ta daina sakar wa wani ɗan ƙaninta fuska shekara da shekaru, don kawai ya tambaye ta wa za ta bar wa gonarta ta fadama. Tsorona bai wuce wannan ba: ta dube ni, ta haɗa duk Asabar ɗin da na taɓa zuwa, da sabulun da kitson da gulmar, ta ce ashe sule nake gadi.

Muna cikin wannan ja-in-ja sai labari ya bazu a Achika cewa surukin Gwaggo ya san zinari. Wata Asabar muna zaune sai ga wata tsohuwa maƙwabciya ta shigo da nata ƙulle a bakin zane, wani ƙaramin sule ne rataye a zare. Maigidana ya gyara zama a kan tabarma, ya zaro gilashinsa daga aljihu. Idan aka taɓo masa wannan fanni mantawa yake da inda yake. Ya ɗaga murya kamar mai koyarwa a aji. "Kin ga hudar nan, Iya? Ita ta kashe shi. Da ba a huda shi ba, Turawa da Larabawa sai sun yi rububinsa. Amma da zarar ƙusa ta ratsa shi, shi ke nan, ba mai taya shi a gwanjo, sai dai a auna." Ya faɗa, ya sake faɗa, kuma duk faɗa sai ya saci kallon ƙofar ɗakin Gwaggo. Ni ina gefe ina harararsa, bai ma san ina yi ba. Gwaggo na zaune a bakin ƙofar tana ɓarar gyaɗa, kanta a sunkuye. Na dai lura hannunta ya tsaya ɗan lokaci cikin ƙwarya, sannan ya ci gaba.

Ba a daɗe ba ya zo mini da labarin cewa ana shirin wani babban gwanjo, kuma an kusa rufe karɓar kaya. Bai yi mini tsawa ba, ba halinsa ba ne. Nasa salon ya fi tsawa ciwo. Sai ya ci loma kaɗan ya ture kwano, ya yi ajiyar zuciya, ya bar waya a kan tebur da hoton sarkin nan mai dara yana kallona. Ni kuma maganar Umarar nan ta riga ta shige ni, don na sha jin Gwaggo tana cewa mahaifinta ya ga Ka'aba da ƙafarsa, ita ko a mota ba ta wuce Kano ba. Na gaya wa kaina cewa alheri zan kai mata. Na ce masa zan je, amma ni kaɗai.

Ranar na isa da hantsi. Muka gaisa, na tambayi gwiwa, ta tambayi takwara da ƙannenta da maigida da makaranta. Na share ɗaki, na sake sharewa. Na wanke kwanonin da ba su yi datti ba. Na tsefe mata kai na kitse, na ce layin bai miƙe ba na warware na sake. Aka yi azahar, muka ci dambu, aka yi la'asar, maganar da ta kawo ni ban taɓo ta ba. Da na sake ɗaukar tsintsiya sai ta ce, "'Yar nan, ajiye tsintsiyar nan kafin ki haƙa mini rijiya a ɗaki. Zauna ki faɗi abin da ke tafe da ke."

Na zauna, na sunkuyar da kai ina jan zaren tabarma da farce. Na faɗa mata duka, da magada, da sikelin Kano, da gwanjo, da Umara. Ina magana ina jin kalmomin ba nawa ba ne, har inda yake tsayawa ya ja numfashi nan nake tsayawa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba, har kunnuwana zafi suke. Ta bar ni na kai ƙarshe ba ta katse ni ba.

"Shi ya aiko ki," ta ce, "ko ke kika zo?"

Da na ce shi ne, da na tsira da rabin mutuncina. Da na ce ni ce, da aƙalla na rufa masa asiri. Sai na ce, "Shi ne dai, Gwaggo, amma ni ma na ga kamar..."

"To, na ji," in ji ta. "Asabar mai zuwa ki zo mini da takwara."

Ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Ta ƙulla mini kuka da daddawa kamar kullum, ta rako ni har zaure. Sai dai tsokanar da takan yi mini a bakin ƙofa, wai na yi ƙiba ɗan acaɓa zai caje ni kuɗin mutum biyu, ranar ba ta yi ba.

Maigidana ya ɗauka ciniki ya faɗa. Sati guda yana fara'a, har wanke-wanke ya taya ni. Ya so ya bi mu, na ce in ya taka ƙafarsa na fasa zuwa. Sai ya ba ni wani ɗan akwatin roba mai auduga a ciki, ya yi ta ja mini kunne cewa ta gefe ake riƙewa, kada in taɓa fuskar, kada in hura masa iska, kada in bari kowa ya goge. Na jefa akwatin a jaka, na kama hannun takwara, wadda lokacin ba ta daɗe da shiga firamare ba, muka tafi.

Muka tarar Gwaggo ta yi wanka ta ɗaura zanenta na zuwa biki. Bayan gaisuwa ta aika aka kira matan gidan da wani dattijo ƙanin marigayi mijinta, suka tsattsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Takwara, zo nan." Yarinya ta matso. Gwaggo ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta jawo wani baƙin zare da aka tufka, ga sule yana lilo a ƙarshensa. Da farko ban gane shi ba, don walƙiya yake kamar yau aka ƙera shi, an dirje shi da toka da lemon tsami. A saman darar sarkin nan kuwa ga huda, sabuwa fil, bakinta duk ya tattashi.

"Maƙerin bakin kasuwa na ba," in ji Gwaggo, "mai yin fartanya. Ya ce shi bai taɓa huda zinari ba, na ce ƙusa dai ƙusa ce."

Ta rataya wa yarinya a wuya, ta ɗaure zaren ta baya, ta dubi mutanen da ke ƙofa. "Ku shaida, na ba takwarata wannan, da raina da hankalina. Kada wani ya zo bayana ya ce gado ne." Suka ce sun shaida, suka sa albarka, suka watse. Takwara ta fita da gudu za ta nuna wa yaran gida.

Muka rage mu biyu. Ta dube ni ta ce, "Surukina ya ce hudajje ba ya shiga gwanjo. Ko ba haka ya ce ba? Kunnena bai mutu ba tukuna."

"Haka ya ce, Gwaggo."

"To madalla, yanzu kowa ya huta. Adudun nan ba sauran komai a ciki sai tsummokara da likkafanina." Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta kau da kai wajen taga. "Ke kuma, 'yar nan, in Asabar ta fara yi miki nauyi kada ki takura kanki. Na san hidimar makaranta."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Matar da ta goya ni, ta tauna abinci ta sa mini a baki, yau ita ke ba ni izinin daina zuwa, cikin ladabi, kamar baƙuwa. Na fashe da kuka na ce, "Gwaggo, ni kike gaya wa haka?"

"Ban ce kin yi wani abu ba," in ji ta. "Tashi ki duba mini kan nan, tun shekaranjiya yake ƙaiƙayi."

Na tashi na zauna a bayanta na tsefe kitson da bai kai a tsefe ba, hawaye na ɗiga a kan gashinta. Jakata na gefe, akwatin robar yana ciki da audugarsa.

Duk hanyar komawa ina shirya faɗan da zan yi. Na tanadi magana mai zafi tun daga Achika har muka shigo Sabon Gari. Muna shiga na tarar da shi a tsakar gida ya riga ya sa safar hannu. Na tura masa yarinya. Ya durƙusa a gabanta, ya ɗago sulen daga ƙirjinta, ya kai gilashi, ya daɗe yana duba hudar.

"Da ƙusa," ya ce a hankali. Can ya ƙara, "Ashe ta ji ni ranar nan."

Na ga fuskarsa sai faɗan ya tsere mini. Ya cire safar hannun ya cusa a aljihu, ya gyara wa yarinya zaren a wuya, ya shige ɗaki. Daga baya na cire mata na adana, don ba a barin yaro ya yi yawo da zinari a wuya.

Da Asabar ta zagayo na shirya da wuri, don na rantse ko ciwo nake sai na je. Na ce masa ya tashi mu tafi. Ya ce babur na ba shi matsala. Na ce babur ɗin da ka je masallaci da shi jiya? Ya ce akwai kuma aikin da ya bari a sito.

"Malam," na ce, "in ba ka je yau ba, ka tabbatar mata da abin da take zato."

"Da wane ido zan kalle ta?" in ji shi.

Har yau ban san tabbas ba ko kunya ce ta hana shi, ko kuwa abin da ke kai shi ne ya ƙare. Shi ya ce kunya ce, kuma yawancin ranaku nakan yarda. Na bar shi zaune, muka hau acaɓa ni da takwara.

Muna sallama na hango tabarma shimfiɗe a gindin darbejiya, ga ƙwaryar fura an rufe da faifai, ludayi a kai. Gwaggo ta amsa sallama, ta rungume takwara, ta dube ni, na ga fuskarta ta ɗan saki. Sannan ta ɗaga kai tana duban bayana, wajen zaure. Ta jima tana dubawa.

"Babur ɗinsa ne ya..." na fara.

Ta ɗaga mini hannu, na haɗiye sauran. Ta taka a hankali zuwa gindin bishiya, ta sunkuya da gwiwoyin nan nata masu ciwo ta fara naɗe tabarmar. Na yi sauri zan karɓa, ta ce in bari. Ta naɗe ta jingine a bango. Muka shiga ɗaki, na yi shara sau ɗaya tak, muka yi gulmar wata amarya da ta ƙona wake har maƙwabta suka fito. Ta yi dariya, ni ma na yi, amma ban iya haɗa ido da ita ba.

Da za mu tafi ta juye furar a cikin langarta mai murfi, ta ɗaure da tsohon ɗankwali, ta miƙo mini.

"Ki kai masa furarsa," ta ce. "Ki ce na gode da gyaran rufi, bana ko ɗigo bai zubo mini ba."

A cinya na riƙe langar har Wudil, duk ramin da ɗan acaɓa ya faɗa sai ta ɗan tsiyayo mini a zane. Na tarar da shi inda na bar shi. Na ajiye a gabansa, na faɗi saƙon yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ya kwance ɗankwalin, ya ɗaga murfi, ya zauna yana kallon furar.

"Langar ta Gwaggo ce, sai an mayar," na ce masa. "Ni kuwa ba ni aka dama wa ba."